Sharhi: Bin sawun ƙwayar cuta ta kundin halittarta, da dalilin da ya sa garuruwa irin Keffi ke da muhimmanci

Da zarar damina ta ɗauke, hunturu ya kama, asibitocin yankin tsakiyar Najeriya kan shiga zaman ɗar-ɗar saboda zazzaɓin Lassa, wanda ya fi tsananta daga watan Disamba zuwa Afrilu. Duk lokacin da aka tabbatar wani ya kamu, tambayoyi uku ne ke fuskantar jami'an lafiya: daga ina cutar ta fito, tun yaushe take yawo, kuma ta wace hanya ta iso ga wannan majinyaci? Gwajin da aka saba yi a ɗakin gwaje-gwaje yana iya cewa akwai cutar ko babu, amma iyakarsa ke nan. Amsar sauran tambayoyin tana rubuce ne a jikin ita kanta ƙwayar cutar, cikin abin da masana ke kira jinom, wato kundin halittarta.

A cikin shekarun da suka biyo bayan ɓullar Ebola a 2014, Najeriya ta shiga sahun ƙasashen Afirka da ke iya karanta wannan kundi a cikin gida, kuma sau da dama abin da aka karanta ya sauya matakin da hukumomi suka ɗauka. Sai dai na'urar da ke wannan karatu ba ta sanin komai face abin da aka kai mata. Idan samfurin jinin majinyaci bai tashi daga gadon asibiti a gari kamar Keffi ya isa ɗakin gwaji da lafiyarsa ba, sakamakon kuma bai dawo ga likita a kan lokaci ba, to taswirar cutar da ƙasa ke dogaro da ita za ta zama da manyan gurabu, kuma a cikin irin waɗannan gurabu annoba kan yi ƙiba ba a sani ba.

Yadda ake karanta asalin ƙwayar cuta

Kowane bairos yana ɗauke da umarnin halittarsa a rubuce cikin jerin sinadarai iri huɗu, waɗanda masana ke wakilta da haruffa huɗu. Kundin bairos ɗin shan-inna yana da haruffa kimanin 7,500, na Lassa ya haura 10,000 kaɗan a cikin sassa biyu, na Ebola kimanin 19,000, na korona kuwa kusan 30,000. Duk lokacin da bairos ya shiga jiki ya hayayyafa, kwafar wannan rubutu yake yi, kuma jefi-jefi ana samun tuntuɓen alƙalami: harafi ɗaya ya maye gurbin wani. Mafi yawan waɗannan sauye-sauye ba sa ƙara wa cutar ƙarfi ko rage mata, amma 'ya'ya da jikokin wannan bairos suna gadar su.

Duk wanda ya san yadda malaman zaure suke kwafar littattafai da hannu zai fahimci hikimar. Idan wani magabaci ya tsallake kalma yayin kwafa, duk almajiran da suka kwafa daga littafinsa za su gaji wannan tsallake. Wanda ya tara kwafi ashirin ya gwama su zai iya gane waɗanda suka fito daga tushe ɗaya, da wanda ya riga wani. Haka masana ke yi da ƙwayoyin cuta. Idan kundin bairos ɗin majinyata biyu ya zo daidai ko kusan daidai, akwai alamar cewa ɗaya ya ɗauka daga ɗayan, ko kuwa dukansu sun ɗauka daga wuri guda. Idan kuma bambancin ya yi yawa, to kowanne da hanyar da ya bi. Tun da yake sauye-sauyen suna taruwa ne a kan wani ma'auni da ake iya ƙiyastawa, yawansu kan nuna tsawon lokacin da rassa biyu suka yi da rabuwa. A shan-inna, alal misali, sashen da ake karantawa yana sauyawa da kusan kashi ɗaya cikin ɗari a kowace shekara.

Darasin Lassa na 2018

An fara gane zazzaɓin Lassa ne a 1969, bayan da wasu ma'aikatan jinya na mishan suka kamu a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu da kuma Jos. Daga baya aka gano cewa wani nau'in ɓera mai yawan nonuwa, wanda ke zama a gonaki da gidaje, shi ne ma'ajiyar cutar, kuma yana zubar da ita ta fitsari da kashi. Kusan mutum huɗu cikin biyar da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma ga waɗanda ta kwantar a asibiti tana kisa, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma tana barin su da kurumta.

A farkon 2018 adadin masu kamuwa ya yi tashin da ba a taɓa gani ba. Ma'aikatan lafiya sun rasu a Abakaliki, kuma kafin shekarar ta ƙare Hukumar Daƙile Cututtuka Masu Yaɗuwa ta Ƙasa, NCDC, ta tabbatar da kamuwar mutum sama da 600 a jihohi fiye da 20, ciki har da Nasarawa, tare da mutuwar fiye da 170. Fargabar da ta cika zukata a lokacin ita ce ko wani sabon nau'in Lassa ne ya ɓullo mai saurin tsallakawa daga mutum zuwa mutum, kamar yadda Ebola ta yi a Gini da Saliyo da Laberiya shekaru huɗu kafin nan. Da haka ne, da sai an karkatar da kuɗi da ma'aikata zuwa killace jama'a da taƙaita zirga-zirga.

Tawagogi biyu ne suka amsa tambayar. Ta farko ta yi aiki a Asibitin Koyarwa na Ƙwararru da ke Irrua a jihar Edo, tare da Cibiyar Bernhard Nocht ta Jamus da masana daga Birtaniya, inda aka yi amfani da wata ƙaramar na'ura da ake iya riƙewa a tafin hannu aka karanta samfura 120 a cikin ƙasar. Ta biyu kuwa ita ce cibiyar ACEGID ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da Cibiyar Broad ta Amurka. Duka biyun sun cimma matsaya ɗaya: ƙwayoyin cutar da aka samu a jikin majinyata sun bambanta da juna sosai, kuma sun cakuɗu da waɗanda aka gani a shekarun baya. Ma'ana, babu sabon nau'i. Mafi yawan mutanen kowanne daga ɓera ya ɗauka, sai 'yan tsiraru da suka ɗauka daga wani mutum, galibi a wajen jinya. Wannan sakamako ya isa ga NCDC da Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, tun annobar tana ci, ya kuma ƙarfafa matakin mai da hankali kan tsaftar muhalli, da adana abinci, da kare ma'aikatan asibiti.

Binciken ya fito da wani abu da ya shafi Nasarawa kai tsaye. An ga cewa dangogin bairos ɗin Lassa a Najeriya sun rabu ne bisa yankuna, kuma kogunan Neja da Binuwai su ne manyan iyakokinsu, domin ɓera ba ya ƙetare babban kogi cikin sauƙi. Dangin da ake kira na biyu ya mamaye kudu, a jihohi irin su Edo da Ondo da Ebonyi. Na uku kuwa yana arewacin kogunan ne, a yankin da ya haɗa Filato da Bauchi da Nasarawa. Amfanin wannan sani a fili yake. Idan aka kwantar da majinyaci a Keffi aka tarar bairos ɗinsa ɗan dangin kudu ne, to da alama daga tafiya ya ɗauko, sai a bi sawun inda ya je. Idan kuwa ɗan dangi na uku ne, to sai a duba rumbunsa da unguwarsa.

Shan-inna: shiru ba lafiya ba ne

Tun kafin Lassa, yaƙi da shan-inna ne ya fara nuna wa Arewa ƙarfin wannan ilimi. Bayan da aka dakatar da rigakafi a wasu jihohin Arewa a 2003, har Kano ta koma yi a tsakiyar 2004, cutar ta sake ɓulla a ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Karatun kundin halitta ne ya nuna cewa ƙwayar da ta shanye ƙafafun yara a Sudan da Yaman, har da Indunusiya a 2005, jikanyar wadda ke yawo a arewacin Najeriya ce.

Darasin da ya fi ɗaci ya zo a watan Agustan 2016. A lokacin Najeriya ta yi shekara biyu ba a ga ko mutum ɗaya da shan-inna na daji ba, har an cire ta daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu. Kwatsam sai aka samu yara biyu da suka shanye a Gwoza da Jere na jihar Borno. Da aka karanta kundin ƙwayar, sai aka ga danginta mafi kusa shi ne wanda aka gani a Borno tun 2011. Ke nan cutar ta shafe kusan shekara biyar tana yawo a yankunan da rikicin Boko Haram ya hana ma'aikatan lafiya shiga, ba tare da kowa ya gan ta ba. Wannan ne ya sa aka ƙaddamar da gagarumin rigakafi a ƙasashen yankin Tafkin Chadi baki ɗaya, aka kuma ƙirƙiro hanyoyin kai allura da karɓo samfur daga wuraren da ke da wuyar shiga, kafin WHO ta ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da shan-inna na daji ranar 25 ga Agustan 2020.

Har yau wannan karatu ne ke bambance ƙwayar daji da wadda ta rikiɗe daga raunanan ƙwayoyin rigakafin ɗigo, wadda kan yaɗu a inda yara da yawa ba su samu cikakken rigakafi ba. Shi ne kuma ya nuna cewa ƙwayar da aka samu a Malawi a 2022 daga Pakistan ta fito. A Kano, tun 2011 ake ɗibar ruwan magudanai ana bincikawa, domin a ga ƙwayar tun kafin ta nakasa yaro. Abin lura a labarin Borno shi ne, na'ura ba ta yi kuskure ba a waɗannan shekaru biyar. Samfur ne bai zo mata ba.

Amsoshi mabambanta, matakai mabambanta

A lokacin Ebola, wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka Legas ranar 20 ga Yulin 2014. Mutum 20 ne suka kamu a Legas da Fatakwal, takwas suka rasu, ciki har da Dakta Stella Adadevoh wadda ta hana shi barin asibiti. Daga baya masana suka karanta cikakken kundin bairos ɗin mutum 12 daga cikin 20 ɗin, suka gwama da bayanan masu bin diddigin waɗanda suka yi mu'amala da majinyata, suka tabbatar cewa shigowa ɗaya ce ta haifar da dukan sarƙar. A 2018 kuma, lokacin da wani zazzaɓi ya addabi wasu sassan jihar Edo, gwajin Lassa ya nuna ba ita ba ce, irin wannan karatu ne ya bayyana cewa shawara ce, cutar da ke da rigakafi.

Da aka tabbatar da shigowar korona ranar 27 ga Fabrairun 2020 ta hannun wani ɗan Italiya, cikin 'yan kwanaki masanan ACEGID da na Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya da ke Yaba da abokan aikinsu suka fitar da kundin bairos ɗin, wanda shi ne na farko daga nahiyar Afirka. Ita kuwa ƙyandar biri, wadda ta sake ɓulla a Bayelsa a watan Satumban 2017 bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba, an daɗe ana ɗaukar cewa daga namun daji ake kamuwa da ita. Amma jikin ɗan Adam yana da wani sinadarin kariya da ke barin tabo na musamman a kundin wannan bairos, kuma yawan tabon da masana suka ƙirga ya nuna cewa cutar ta yi shekaru tana tsallakawa daga mutum zuwa mutum a kudancin Najeriya kafin a farga, har daga bisani wani reshenta ya bazu a duniya a 2022.

Idan aka jera waɗannan misalai, za a ga cewa kayan aiki ɗaya ne ya ba da amsoshi masu karo da zaton jama'a. A Lassa an ji tsoron mutum ne, ashe ɓera ne. A ƙyandar biri an zargi dabba, ashe mutum ne. Kowace amsa kuma tana da irin matakin da take buƙata da irin kuɗin da za a kashe mata. Gwamnatin da ke yaƙi da annoba ba tare da wannan sani ba tana iya zuba dukiya a inda ba nan matsalar take ba.

Matsayin Keffi a taswirar

Keffi tsohuwar masarauta ce da ke kimanin kilomita 50 gabas da Abuja, kuma mahaɗar hanyoyi ce. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Akwanga, inda ta rabu zuwa Jos da kuma Lafiya da Makurɗi. Wata ta nufi garin Nasarawa da Loko a bakin Binuwai, wata kuma ta yi arewa zuwa kudancin Kaduna. Tsakanin Keffi da Abuja akwai Masaka da Mararaba da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Karu, inda ɗimbin ma'aikatan babban birnin tarayya ke kwana, su yi sammako su shiga birni, su dawo da dare. Garin yana da Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya, wadda ake turo mata majinyata daga ƙananan hukumomin kewaye, yana kuma da Jami'ar Jihar Nasarawa mai tara ɗalibai daga sassan ƙasar nan.

A wajen masanin annoba, irin wannan gari wurin gadi ne. A gefe ɗaya yana cikin yankin noma, inda ake shanya rogo da hatsi a ƙasa ko a bakin titi, ake ƙona daji da rani, abin da ke koro ɓeraye zuwa cikin gidaje. A ɗaya gefen kuma yana manne da birnin da jiragen sama ke sauka daga ƙasashen waje. Cutar da ta taso daga karkara tana iya bi ta nan ta shiga Abuja, wadda ta sauka a Abuja kuma tana iya bi ta nan ta shiga karkara. An ga alamar haka a 2020, lokacin da Gwamna Abdullahi Sule ya fara sanya dokar kulle a Karu saboda kusancinta da Abuja. A ƙarshen Afrilun wannan shekara wani ɗan majalisar dokokin jihar ya rasu a Keffi, sakamakon gwajinsa na korona kuma bai fito ba sai bayan an yi jana'izarsa, lamarin da ya sa aka rufe majalisar aka killace abokan aikinsa. Wannan gwaji ne na tabbatar da cuta kawai, amma ya nuna irin tsadar jinkirin kwana biyu ko uku.

Akwai kuma sabon al'amari. A watan Mayun 2023 aka buɗe gadar Loko zuwa Oweto a kan kogin Binuwai, wadda ta haɗa Nasarawa da jihar Binuwai, ta kuma rage nisan tafiya tsakanin Abuja da kudu maso gabas. Alheri ne babba ga kasuwanci. Amma kogin da aka ɗora wa gadar yana cikin iyakokin da suka raba dangogin Lassa tsawon ƙarnoni, kuma ɓera kan shiga buhun hatsi ya hau mota. Ko dangin kudu zai samu gindin zama a arewacin kogin, ko na arewa ya gangara kudu, tambaya ce da ba mai iya amsa ta sai wanda ke karanta samfuran mutane da na ɓerayen wannan hanya shekara bayan shekara. Amsar tana da nauyi, domin bambancin dangogin Lassa yana da yawa, har ya taɓa sa wasu tsofaffin gwaje-gwaje kasa gane wasu nau'o'in. Haka nan rigakafin Lassa da ƙungiyar IAVI ta fara gwajin mataki na biyu a kansa a Abuja a 2024, da tallafin ƙungiyar CEPI, tilas ne ya yi aiki a kan dangin da ke Nasarawa kamar yadda zai yi a kan na Edo.

Keffi ba baƙuwar wannan fanni ba ce. Masanin ƙwayoyin cuta Dakta Simon Agwale, wanda ya kafa kamfanin Innovative Biotech mai ɗakin gwaje-gwaje a garin, shi ne ya jagoranci wani bincike da aka wallafa a 2002 a kan nau'o'in ƙwayar cutar ƙanjamau da ke yawo a jihohin Najeriya, domin share fagen gwajin rigakafi. Jami'ar jihar ma tana yaye masu digiri a ilimin ƙananan halittu kowace shekara. Ke nan akwai tushen da za a ɗora gini a kai.

Inda gizo ke saƙa

Matsala ta farko ita ce ta samfur. Zazzaɓin Lassa yana farawa ne kamar zazzaɓin cizon sauro ko taifot, don haka majinyaci kan fara da kemis, ya wuce wurin mai maganin gargajiya, ya kwana biyu a ƙaramin asibiti, kafin wani ya yi zargin Lassa. Da yawa sun warke ko sun rasu ba a ɗebi jininsu ba. Wanda aka ɗiba kuma dole ya kasance cikin sanyi tun daga asibiti har ɗakin gwaji, domin kundin waɗannan ƙwayoyi yana saurin lalacewa cikin zafi. Jinin da ya yini a bayan mota ba ƙanƙara yana iya nuna cewa akwai cuta, amma ya gagara karantuwa.

Ta biyu ita ce rashin daidaito. Asibitocin Irrua da Owo da Abakaliki sun daɗe suna gwajin Lassa, saboda haka kaso mafi girma na kundayen da aka karanta daga yankunansu suka fito. Dangi na uku, wanda shi ne na Nasarawa da maƙwabtanta, bai samu irin wannan kulawa ba. Hatsarin da ke nan shi ne, taswira tana iya nuna cewa cuta ta taso daga jihar da ta fi ƙwazon gwaji, alhali kuwa can ne kawai aka haska fitila.

Ta uku ita ce lokaci. Kundin da aka karanta cikin mako guda yana iya gaya wa shugaban asibiti cewa ma'aikatansa uku daga majinyaci ɗaya suka ɗauka, don haka akwai ɓaraka a ɗakin tiyata ko ɗakin haihuwa da ya kamata a toshe yau. Wanda aka karanta bayan shekara ɗaya kuwa ya zama na mujallar masana. Yana da amfaninsa, amma bai ceci kowa a wannan rani ba.

Ta huɗu ita ce kuɗi. Sinadaran da na'urorin ke ci daga waje ake sayo su da dala, suna da wa'adin lalacewa, suna kuma buƙatar wutar da ba ta yankewa. Kaso mai tsoka na wannan aiki a Afirka ya dogara ne da tallafin waje, kamar shirin da Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Afirka ta ƙaddamar a watan Oktoban 2020. Tallafi kuwa yana zuwa da annoba ya tafi da ita, kuma sauyin manufofin Amurka kan agajin ƙasashen waje a 2025 ya tuna wa kowa cewa mai kwana da tabarmar aro a shirye yake da a tashe shi. Ga kuma ƙaurar ƙwararru, musamman masu nazarin bayanan a kwamfuta, waɗanda ƙasashen waje ke zawarcinsu.

Amana da adalci

Akwai ɓangaren da ya wuce na'ura. Kundin bairos ba ya da amfani sosai sai an haɗa shi da bayanin majinyaci: ranar da ya fara ciwo, unguwarsu, inda ya yi tafiya, wanda ya yi jinyarsa. Waɗannan bayanai amana ce. Idan aka bari suka fita har aka ce gidan wane ne ya kawo cuta gari, gobe ba wanda zai yarda a ɗebi jininsa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shimfiɗa ƙa'ida, saura aiki da ita a asibitoci. Wajibi ne kuma a riƙa bayyana wa jama'a, ta bakin sarakuna da malamai da limaman coci, cewa kamannin kundi biyu alama ce ta dangantaka, ba hujjar ɗora wa wani laifi ba.

A matakin duniya ma akwai ƙorafi. A watan Nuwamban 2021 masanan Botswana da Afirka ta Kudu suka gano nau'in korona na Omicron suka sanar da duniya nan take, sai aka saka musu da rufe ƙofofin tafiya. A farkon Disamba, bayan NCDC ta sanar da ganin nau'in, Birtaniya ta sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga, kafin ta janye bayan 'yan kwanaki. Idan faɗin gaskiya zai jawo hukunci, ƙasashe za su koyi yin shiru. Wannan ne ya sa ƙasashen Afirka suka dage, a tattaunawar yarjejeniyar annoba da aka amince da ita a Geneva a watan Mayun 2025, cewa ƙasar da ta ba da bayanan ƙwayar cuta tana da haƙƙi a rigakafi da magungunan da za a samar da su.

Abin da ya kamata a yi

Ba lallai ne kowane asibiti ya mallaki na'urar karanta kundin halitta ba. Babban ɗakin gwaje-gwaje na NCDC yana Gaduwa a Abuja, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba daga Keffi ko da cunkoson Mararaba. Abin da ake buƙata ya fi na'ura araha, amma ya fi ta wuyar ɗorewa. Ana buƙatar likitoci da ma'aikatan jinya da za su yi zargin Lassa da wuri ga duk zazzaɓin da ya ƙi jin magani, da firji mai aiki da hasken rana, da akwatunan sanyi, da mota ko babur mai man fetur da aka ware masa kuɗi a kasafin jiha. Ana buƙatar ƙa'ida a rubuce cewa wani kaso na samfuran da aka tabbatar daga kowace jiha za a karanta shi cikin ƙayyadaddun kwanaki, kuma sakamakon zai koma ga asibitin da ya aiko da shi da jami'in sa-ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, cikin harshen da za su yi aiki da shi.

Haka kuma, tun da ɓera ne tushen Lassa, bai kamata binciken ya tsaya kan mutane ba. Haɗin gwiwa tsakanin Jami'ar Jihar Nasarawa, da asibitin tarayya na Keffi, da cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta jihar da ke Lafiya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom zai iya samar da tarihin dangi na uku a mutum da dabba, wanda ƙasar ke da ƙarancinsa. Ɗaliban da za su yi wannan aiki suna nan, kuma horar da su nazarin bayanai ba ya buƙatar fiye da kwamfuta da intanet da malami.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tawagar da ta amsa tambayar Lassa a 2018 ta iya yin haka ne saboda an shafe shekaru ana tara samfura da horar da ma'aikata a Irrua tun babu wanda ke kallo. Shekaru biyar ɗin da shan-inna ta yi a ɓoye a Borno kuwa sun nuna abin da ke faruwa idan aka bar wani yanki babu ido. Gwamnatin tarayya da ta jihar Nasarawa suna da damar zaɓar wanda Keffi za ta yi kama da shi cikin biyun, kuma lokacin yin zaɓin shi ne yayin tsara kasafin kuɗi, kafin hunturu na gaba ya kama.